Ruwan da Inna Ta Ba Bulo

Ɗakin da na gina wa mahaifiyata a Gure bai cika shekara huɗu ana kwana a cikinsa ba. Na fara da faɗar haka don kada wani ya gyara zama yana jiran labarin buɗe sabon gida. An yi guɗa, an raba goro, ɗakin kuma ya mutu, ya tafi da sunan wani magini da ba shi da laifin komai. Ni ce na ɓata sunan nan da bakina, kuma har yau ban gyara shi ba.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Damagaram, shekara da shekaru ina fama da alli da ƴaƴan mutane. Inna kuwa makiyayiya ce tun daga haihuwa. A bayan shanu ta girma wajen Kelle, a bayan shanu ta yi aure. Sai da fari ya share garken, Baba kuma ya rasu, sannan ta yarda ta sauka a bakin garin Gure, cikin bukkar kara da zana, da ƴan awakinta da jaki ɗaya mai taurin kai. Ni ce ƴarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni. In tana son in ji wata magana, sai ta gaya wa akuya ko jaki ina tsaye a wurin. Haka muka saba, kuma na ɗauka ina gane ta sarai.

Wata damina na zo hutu, aka yi ruwa da iska mai ƙarfi da hantsi. Ina maƙwabta na fake. Da ya ɗauke na shigo na tarar da ita zaune a kan turmin da ta kifa, ƙullin tufafinta a cinya, ruwa yana bi ta ƙarƙashin ƙafafunta. Rabin rufin bukkar ya tafi. Sai ta ɗan matsa mini gefen turmin wai in zauna. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunyar kaina. Ni ce ake kira Madam a birni, uwata kuma tana zaune a kan turmi cikin ruwa. A ranar na rantse sai na yi mata ɗakin siminti.

Ban yi wahalar neman magini ba, a gida muke da shi. Ɗan kawuna ne, taubashina, wanda tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne. Uwarsa ta rasu yana jariri, Inna ce ta karɓe shi ta goya har ya yi ƙafa. Ya koyi gini a Damagaram da Difa, ya dawo Gure ya yi suna. A lokacin, in aka ce shi ya ɗora bango, mai gida ba ya ma zuwa dubawa. Ni ina ce masa Maso, kamar yadda muke kiran magina a nan, shi kuma yana ce mini Madam, yana jan kalmar don ya ba ni haushi.

Ya zo da igiya da turaku da toka a gwangwani. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce, "Gwaggo, ina kike son ƙofa ta kalla?"

Inna ta dubi akuyarta ta ce mata duk wanda ya juya ƙofarsa gabas a ƙasar nan, shi ya gayyaci ruwa da kansa.

Ya yi dariya ya ce ya ji saƙon akuya. Ya ja layin toka, ɗaki ɗaya da ƴar baranda, ƙofa tana kallon yamma. Na tsaya a tsakiyar zanen nan ina jin kamar an riga an gama.

Ashe ba a ma fara ba. Shekara guda cur na yi ina tara siminti, duk ƙarshen wata in saya abin da ya samu in ɗora wa motar Gure, shi kuma ya karɓa ya jera a ɗakinsa a kan katako. Sallar wannan shekara da tsohon zane na yi ta. Zanen toka ya shafe tun a ruwan farko, sai turakun nan huɗu da Inna ta hana awaki tumɓukewa.

Bayan kaka aka buga bulo. Ina nan aka yi, kwana uku. Na ga yashin da ya sa aka kwaso daga kori, hanyar da ruwan damina ke bi, ya ƙi rairayin tudu don ya cika laushi. Na ga ruwan da aka kwaɓa da shi, daga famfo aka ɗebo a tano, wato gangar ƙarfe, a kan amalanke. Na gani da idona, ina so a riƙe wannan, don daga baya na yi kamar ban gani ba. Da aka gama, bulo ya cika filin sahu-sahu. Shi yana da aiki a Bune na wata biyu, ni kuma lakwal tana jirana. Ya yi magana da wani ga-ruwa ya riƙa cika tanon kullum, sannan ya je gaban Inna.

"Gwaggo, abu ɗaya ya rage, kuma naki ne. Ban ruwa. Safe da yamma, kamar yadda kike yi wa dabbobinki. In ya sha ya ƙoshi zai yi ƙarfi, in ya ji ƙishi zai mutu."

Inna ta gyara ɗankwali. Na ga fuskarta ta saki yadda na daɗe ban gani ba. Tun da shanu suka ƙare, ba wanda ya sake damƙa mata wani abu mai yawa haka ya ce ta kula da shi.

Daga Damagaram nakan kira salular maƙwabciyarta a miƙa mata. In ce, "Inna, ana ba bulo ruwa?" Ta ce, "Yana sha." In ce, "Safe da yamma?" Ta ce, "Yana sha, ya ƙoshi." Iyakar tambayata ke nan, wata biyu. Mace mai koyar da yara yadda ake tambaya, ban taɓa cewa wane ruwa ba.

Ya dawo daga Bune ya haƙa tushe, ya zuba kankare, bango ya tashi har wajen taga. Inna ta ci gaba da yayyafa wa bangon ruwa tun kafin ma'aikata su zo da safe. Daga nan siminti ya ƙare, aiki ya tsaya. Duk wanda ya taɓa gini da albashi ya san wannan tsayuwar. Bango ya tsaya rabi, ƙadangaru suka tare a ciki, maƙwabta suka fara shanya a kai. Wata biyar haka, kafin in sake tara abin da za a ci gaba.

Ina tsakar gidan lakwal lokacin shan iska Maso ya kira ni. Babu wasa a muryarsa, ko gaisuwar ma gajera ce.

"Madam, bulon nan ba shi da lafiya. Ina so mu sauke bangon, mu sake bugu."

Na ce, "Wa ya buga shi?"

"Ni."

"Da simintin wa?"

"Naki."

"To me ya same shi?"

Can ya ce, "Ƙaddara ce."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara biyu ina hana kaina, a ce mini ƙaddara? Dama abokan aikina sun cika mini kunne. Kowa da labarin maginin da ya cinye masa siminti, kuma wai na gida ya fi cuta don ya san ba za a kai shi ƙara ba. Duk maganganun nan suka taso mini lokaci guda. Na ce masa ba bulo ɗaya da za a sauke. Ko ya ƙarasa, ko in kawo wani daga Damagaram ya ƙarasa a gaban idonsa.

Ya ce, "To, zan ƙarasa. Amma ki tuna na faɗa."

Na kashe salula ina huci, na shiga aji na huce a kan yaran mutane.

Ya ƙarasa. Ya kankare jikin bangon, ya ɗaura shi da ƙarfe da kankare a sama, ya buga kwano, ya yi shafe mai kauri, ya sa ƙofa da taga. Na zaɓi fenti shuɗi. Ranar shiga malamai suka yi addu'a, mata suka yi guɗa, aka sha fura. Inna ta shiga da ƙafar dama, ta shafa bango da tafin hannu tun daga ƙofa har kusurwa. Ta leƙo ta gaya wa akuya ɗakin yana da sanyi. Na koma bayan ɗaki na yi kuka na share ido. Shi kuwa yana can gefe a tsugune, ko furar bai sha ba. Na tsokane shi na ce bawa ya ga aikin uwargijiyarsa ya yi kyau yana baƙin ciki. Ya yi murmushi kawai.

Daminar farko lafiya lau. Bayan ta wuce fenti ya fara kumbura daga ƙasa. Kullum da safe Inna tana share wani farin gari a gindin bango. Awaki kuma suka kama lasar bangon, a kore su su dawo, har suka cinye shuɗin daidai tsayin bakinsu. Inna tana dariya tana cewa har dabbobi sun san ɗaki mai kyau. Ni ƴar makiyaya ce, na san abin da akuya ke lasa a duniya, amma karatun da na yi bai kai ni ga haɗa wannan da wancan ba.

Shekara ta biyu shafe ya fara zubowa, faifai-faifai. In ka sa yatsa a bulon da ke ciki sai ya marmashe. Wani jan layi na tsatsa ya sauko daga saman ƙofa. Maso yana zuwa ba a kira shi ba, da ɗan simintinsa a buhu, ya toshe nan ya shafe can. Sau biyu ya roƙi Inna ta koma bukka kafin a duba ginin, ta ce ita da bukka sai dai a labari. Ya kira ni a kan haka, na ƙi ɗauka. Duk zuwan da yake yi, ni a wurina shaida ce. Na ce mutum ba ya yawan gyara abin da bai ɓata ba.

A shekara ta huɗu, wata safiya, Inna za ta fita da ƙwarya a hannu, kankaren saman ƙofa ya ɓalle ya sauko mata a hannun dama. Da ta ƙara taki ɗaya da a ka ne. Mai ɗori ya ɗaure hannun, amma ƙashin tsufa ne, bai koma daidai ba. Har yau a karkace yake, ba ta iya daka, ba ta iya tatsa.

Na iso Gure washegari, ranar kasuwa. Na ga hannun, na ga ƙofar, ban ko ajiye jaka ba na nufi bakin tasha, inda magina ke zama wajen mai shayi da safe suna jiran masu aiki. Maso yana nan a cikinsu. Da ya hango ni ya miƙe.

Ba zan maimaita duk abin da na faɗa ba, amma ban rage komai ba a ranar. Na ce ya sayar da simintina ya buga mini bulon rairayi. Na ce matar da ta goya shi ita ya gina wa kabari. Na ce duk mai son uwarsa ta mutu a ƙarƙashin bango, ga maginin da zai nema. Muryata muryar aji ce, tana kaiwa nesa. Masu lodin mota suka tsaya, mata masu tallar nono suka sauke ƙore. Wani dattijo a cikin maginan ya ce, "Ke ƴar nan, bari ya yi magana mana." Na ce ya yi, ga fili.

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Yaya hannun Gwaggo?"

Na ce ba ruwansa da hannun Gwaggo. Aka jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya bi ta bayan tasha. Shirun nan kowa ya ɗauke shi amsa laifi, ni ma haka. Na koma gida ina jin na yi abin da ɗa namiji zai yi wa uwarsa.

Gure ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Cikin sati guda masu ginin wani masallaci suka karɓe aikinsu daga hannunsa. Wani ɗan kasuwa ya sa aka ƙirga masa buhunan siminti a gabansa kamar ɓarawo, sannan ya sallame shi. Kafin damina ya sayar da kayan aikinsa ya tafi Agadas, daga can aka ce yana ramukan zinariya. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu a Bune. Inna ta koma bukka. Ta daina kiransa da sunan da take kiransa tun yana goye, ya zama "wancan". In ciwon hannun ya tashi da sanyi, sai ta riƙe shi ta ce Allah ya isa tsakaninta da wancan. Ni kuma in ce amin.

Shekara biyu na sake yi ina tara siminti. Wannan karon na ɗauko wani tsohon magini daga Damagaram, na kuma zaɓi babban hutu don in tsaya a kan aikin da kaina. Ranar rushe tsohon ɗakin ba a sha wahala ba, ana tura bango yana zubewa. Tsohon ya ɗauki ɓarin bulo ya murza, ya duba, ya sa a harshe, ya tofar. Inna tana can wajen awaki, ni kaɗai ce kusa da shi.

Ya ce, "Madam, an ce miki siminti aka rage?"

Na ce haka ne.

"Ba a rage ba. Ga shi nan, ya ji siminti har ya yi yawa. Kanwa ce ta kashe shi. Ruwan kwari aka ba shi, kuma an daɗe ana ba shi."

Kwari shi ne gangaren nan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ake lambu da dabino, inda ruwa ke kusa. Wasu rijiyoyin can ruwansu kanwa ce zalla. Tsohon ya ce in bulo ya sha irin wannan ruwa, kanwar takan zauna a cikinsa ta riƙa cin sa, ta sa ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankare. Ya ce babu maginin ƙasar nan da bai san haka ba. Sai na ƙara jin haushin taubashina, na ce ashe har ƙyashin ruwan famfo ya yi. Tanon nan da na gani a kan amalanke ya faɗo mini a rai, na kawar da shi.

Aka buga sabon bulo. Washegari na tashi bayan sallar asuba ban ga Inna ba, ban ga jaki ba. Na duba maƙwabta, ba ta nan. Sai da rana ta ɗaga na hango ta tana gangarowa daga tudu, jaki a gaba da jarkoki biyu, ita a baya tana ɗingishi, igiya a karkataccen hannun nan. Ƙafafunta fari fat har idon sawu.

Na ce, "Inna, daga ina?"

Ta tsai da jakin a gaban sahun bulo, ta fara kwance igiya da hannun hagu. Jakin ta yi wa magana.

"Gaya mata ruwan famfo na kashe ƙishi ne kawai, ba ya sa ƙashi. Mu da muke da shanu, in damina ta wuce kwari muke kai su su sha kanwa. Su dawo fata tana sheƙi, ƙafa ta yi ƙarfi. Abin da kake so ya yi ƙarfi ba ka ba shi ruwan banza."

Na ce, "Wancan karon fa?"

Wannan karon ni ta duba, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Wancan karon ma haka. Na sallami ga-ruwan tun kwana na biyu. Wata biyu ina zuwa, safe da yamma, har gwiwata ta kumbura. Da bango ya tashi ma ban fasa ba. Ban gaya wa kowa ba, ai ba a tallar abin da aka yi wa nasa. Duk wahalar nan wancan ya mayar mini da ita banza."

"Ya sani?"

"Ya taɓa tarar da ni ina zuba wa bango, lokacin da aiki ya tsaya. Ya tambaya na gaya masa. Ya zauna a kan bulo ya daɗe. Sai ya ce, Gwaggo, sannu da ƙoƙari, bango ya ƙoshi haka, ki huta." Ta ja tsaki. "Ashe ya san abin da ya shuka a ciki."

Na lissafa a raina. A satin nan ne ya kira ni ina tsakar gidan lakwal.

Ta kama bakin jarka za ta karkata ta a kan sahun farko. Maganar tana bakina, gajera ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na dubi hannun, na dubi farar ƙafar, na dubi yadda take kallon bulon nan kamar ƴan maruƙa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawo, Inna, ni zan zuba. Je ki huta."

Ta shiga bukka. Na ja jarkokin bayan gida, na cika wa awaki kwatarniya, sauran na tuttular a rairayi. Na ɗebo na famfo na ba bulo. Na yi na yi ta daina zuwa kwarin, na ce tsohon magini ya ce ya isa, ta ce magini ɗaya ya taɓa ce mata ya isa, ta ga inda aka ƙare. Haka muka yi har aka ɗora kwano. Kullum ta kawo, kullum in karɓa in zubar. Awakinta ba su taɓa yin ƙiba irin ta wannan shekara ba.

Na samu lambar Maso a wurin matarsa. Na kira sau uku kafin ya ɗauka, ƙarar inji tana tashi a bayansa, yana tari.

Na ce, "Maso, ni ce. Na ga Inna da jarkoki."

Na ji ya matsa nesa da ƙarar injin. Sannan ya ce, "Kin gaya mata?"

"A'a."

"To, kada ki gaya."

Na ce, "Sunanka fa? Yaranka fa? Me ya hana ka faɗa mini tun ranar?"

"Da na faɗa miki, da kafin la'asar ta ji, na san bakinki." Ya ɗan yi dariya, tari ya katse ta. "Madam, matar nan ta goye ni. Wata biyu tana hawan tudu da gwiwa a kumbure. In ce mata ita ta kashe ɗakin? Yanzu kuma abin ya ƙaru. Sai ta san ita ta karya hannunta, ita ta yi ta ja mini Allah ya isa a banza. Ba za ta ɗauka ba. Bar shi a kaina, na riga na saba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce bawa ba ya roƙon ubangidansa da baki kawai, sai da rago. Muka yi sallama.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma zan faɗe shi yadda yake. Na yarda da sauri. Da ya ce kada in faɗa, wani sanyi na ji a ƙirjina. Gaskiya ne in na je bakin tasha na wanke shi, maganar za ta riga ni isa gida. Amma gaskiya ne kuma ba na son in sake tsayawa a gaban mai shayin nan, a gaban dattijon da ya ce in bari ya yi magana, in ce ni Madam ƙarya na yi. Tausayin Inna ya zo daidai da abin da girman kaina yake so, na ɓuya a bayansa. Na tsani wannan hali nawa, kuma ban canza shi ba.

Sabon ɗakin yana nan tsaye, shekara uku ke nan. Fenti bai kumbura ba, awaki ba su ko kallonsa.

A babbar sallar bara Maso ya zo gida. Ya rame, gemunsa ya yi fari, hannuwansa duk sun tsage. An ce ya dawo Bune, yana yi wa wasu magina leburanci, yana miƙa bulo ga yaran da shi ya koya wa riƙon igiya. Da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Inna tana zaune a baranda, ni ina gefe ina yanka nama. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa.

"Gwaggo, barka da salla."

Ba ta amsa ba. Ya sake gaisarwa. Na ga idonsa ya bi bangon daga ƙasa har sama, yadda magini ke duba aikin wani. Inna ma ta gani. Ta juya wajen akuyar da ke ɗaure a turke.

"Gaya masa ya duba da kyau. Da hannu ɗaya na shayar da wannan. Ruwan da na ba wancan ɗakin shi na ba wannan, rijiya ɗaya, jaki ɗaya. Ga shi nan tsaye. To, a gaya mini inda laifin yake."

Wuƙar tana hannuna. Ni na ba ta wannan hujja, jarka bayan jarka, a bayan gida. Na ajiye wuƙar na ce, "Inna."

Ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan, yadda ita ba za ta gani ba. Na yi shiru. Ba sai da ya girgiza sau biyu ba.

Ya ce, "Gaskiyarki ne, Gwaggo. Allah ya ba da haƙuri."

Ya miƙe ya koma inda takalmansa suke. Na ƙulla masa nama a leda na bi shi har ƙofar gida. Ya karɓa, ya ce yara za su ji daɗi, ya tambaye ni ko kwanon ba ya yoyo ta kusurwar gabas. Na ce ba ya yi. Ya ce madalla, ya kama hanyar tasha. Da na dawo Inna ta ce in ɗebo ruwa in wanke inda ya durƙusa, na ɗebo na wanke.